Jan Ceri a Kan Kek, Miyar Jiya a Tukunya: Me Ke Tayar Miki da Borin Jini?

Duk matar da ke zuwa biki ko suna a 'yan shekarun nan ta san shi. Wani ɗan jan abu ne mai ƙyalli kamar murjani da ake jerawa a saman kek, yara su yi ta rububinsa tun kafin a kai wuƙa. Sunansa ceri. A da sai mutum ya je Kaduna ko Kano yake ganinsa, amma tun da hanya ta fara lafawa, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen watan Nuwamban 2024, motoci suka koma zirga-zirga, kayan kwalba da na gwangwani sun ƙara samun hanyar shigowa gidajenmu.

Akwai wani kuka da mu ma'aikatan jinya muka saba ji bayan hidimar biki. Mace za ta ce ta dawo gida fuskarta ta yi ja tana zafi, jikinta ya tashi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, kanta yana sarawa, cikinta ya kumbura. Wata ta ɗora laifin a kan ceri, wata ta ce borin jini ne na gado, wata kuma ta fara zargin an zuba mata wani abu a abinci. Wannan zargin na ƙarshe ya sha raba zumunci a banza. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, sai dai sau da yawa dalilin yana cikin abin da ta ci tun safe, ko ma tun jiya, cerin kawai ya zo a ƙarshe ne. Domin a gane wannan, sai mun san wani sinadari da ake kira histamin.

Mene ne histamin?

Histamin ba baƙo ba ne a jikinmu, jiki da kansa yake yin sa. Shi ne ke sa wurin da sauro ya ciza ya kumbura yana ƙaiƙayi, shi ke sa atishawa da yoyon hanci idan ƙurar hunturu ta shiga, kuma yana taimaka wa ciki wajen fitar da ruwan da ke narka abinci. Tun a 1910 masana a Ingila suka bayyana yadda yake aiki a jiki, don haka ba sabon abu ba ne a wurin likitoci.

Ban da wanda jiki ke yi, akwai wanda muke ci. Idan abinci mai gina jiki, kamar kifi, nama, madara ko kalwa, ya daɗe a ajiye ko aka bar shi ya ruɓa da gangan domin ya yi ɗanɗano, wasu ƙwayoyin bakteriya suna juya wani sashe nasa ya zama histamin. Zafi da tsawon lokaci su ne abincin waɗannan ƙwayoyi.

Allah cikin ikonSa ya sanya mana mai gadi a hanji, wani sinadari da likitoci ke kira DAO. Aikinsa ya wargaza histamin ɗin da ya shigo da abinci kafin ya kai ga jini. Yawancin mutane nasu yana aiki sosai, shi ya sa za su ci kilishi da kindirmo da miyar daddawa a rana ɗaya ba abin da zai same su. Wasu kuwa nasu mai gadin yana da rauni, ko ta gado, ko saboda ciwon hanji, ko saboda wani magani da suke sha. Su ne ake cewa suna da rashin jure histamin. Wani nazari da likitoci biyu daga Jamus suka buga a 2007 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da wannan matsala, kuma an fi ganinta a wurin masu matsakaicin shekaru.

Ki ɗauki jikinki kamar randa. Kowane abinci mai histamin moɗa guda ce da ake zubawa a ciki. Kindirmon safe moɗa ɗaya, ɗumamen miyar kifi moɗa biyu, shinkafar biki da ta sha tumatirin gwangwani wata moɗar, kilishin da aka raba wata. Mai ƙaramar randa, kafin yamma ta cika. Abin da ta ci a ƙarshe shi ne zai sa ta tumbatsa, shi kuma za a kama da laifi. Wannan ne ya sa abinci ɗaya zai tayar miki da ƙaiƙayi yau, ki ci shi mako mai zuwa lafiya lau.

Shi cerin, daga ina ya fito?

Da farko kada a haɗa shi da agwaluma, wadda wasu 'yan kudu ke kira ceri. Ba dangi ba ne. Ceri na asali ɗan itace ne na ƙasashe masu tsananin sanyi, kuma Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. Ɗanyensa ba ya cikin abinci masu yawan histamin, amma ba ya jure tafiya, shi ya sa wanda ke iso mu sarrafaffe ne.

Yadda ake sarrafa shi zai ba ki mamaki. Ana jiƙa shi makonni a cikin ruwa mai ɗauke da sinadarin salfait da wani gishirin kalsiyam, har jansa na asali ya fita ya koma fari-fari, namansa ya yi tauri. Sai a wanke shi, a cire ƙwallon, a tsoma shi a ruwan sukari mai kauri, sannan a rina shi. Wato jan nan da ke ɗaukar ido ba nasa ba ne, rini ne.

A nan abubuwa biyu ne ke iya damun mai saurin borin jini. Na farko salfait. Ko da an wanke, kaɗan na iya saura, kuma an tabbatar yana tayar wa wasu masu asma da tari da toshewar ƙirji, wasu kuma ya sa musu ƙaiƙayi. A jikin kwalba ana rubuta shi da lambobi daga E220 zuwa E228. Ƙa'idar duniya ta ce idan ya kai miligiram 10 a kilo ɗaya na abinci, dole a rubuta. Na biyu rini. Wanda aka fi amfani da shi ko dai E129 ne ko E127. Shi E127, a Tarayyar Turai ba a yarda a sa shi a abinci ba sai a irin wannan cerin. A Amurka kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta janye izininsa a watan Janairun 2025, ta ba kamfanonin abinci zuwa Janairun 2027 su daina, saboda gwajin da ya nuna ciwon daji a ɓeraye maza da aka ɗura wa mai yawa, duk da hukumar ta ce hanyar da hakan ke faruwa a ɓera ba ta faruwa a mutum.

Ƙwaya ɗaya ko biyu a kan kek ba za ta cutar da yawancin mutane ba. Amma mai asma, ko wadda ta lura jikinta na tashi duk lokacin da ta ci, ta cire shi ta ajiye gefe, kek ɗinta bai rage komai ba. Masu sana'ar kek kuma, ku sayi mai rubutu da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku guji wanda aka juye a leda ana aunawa da cokali, domin ba wanda zai iya gaya muku abin da ke ciki.

Inda histamin ya fi taruwa a gidajenmu

Da za a auna, abin da ke cika randar matan Birnin Gwari yana cikin madafi ne, ba a kan kek ba.

Kifin ƙanƙara shi ne kan gaba, musamman Titus, sadin da tuna. Irin waɗannan kifayen teku masu duhun tsoka suna ɗauke da sinadarin da ke komawa histamin da yawa. Ki duba tafiyar da Titus ke yi: daga jirgin ruwa zuwa Legas, daga Legas zuwa ɗakunan sanyi na Kaduna, daga can ya biyo hanyar Buruku da Udawa, tafiyar fiye da kilomita 100, sannan ya kwanta a kan tebur cikin rana. Duk inda ƙanƙarar ta narke a wannan tafiya, bakteriya sun fara aiki. Idan aka sake daskarar da shi, histamin ɗin da ya riga ya taru yana nan.

Ga abin da ya kamata kowace uwargida ta riƙe: wuta ba ta kashe histamin. Tafasawa, suya, banda, ko sa shi a gwangwani, duk suna kashe ƙwayoyin cuta amma ba sa taɓa histamin ɗin da suka riga suka yi. Kuma kifin na iya zama ba ya wari ko kaɗan. Wani lokaci alamar kawai ita ce ɗan yaji-yaji ko zafi a harshe wanda ba na barkono ba. Idan kin ji haka, ki tsaya, kada ki ba yara.

Kifin ruwanmu, irin su tarwaɗa da karfasa da ake kamawa a madatsar Bagoma da kogin Mariga, idan aka dafa shi ranar da aka kama ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Banda da busasshen kifi kuwa ya danganta da yadda aka yi su. Wanda aka kyafe da wuri ya bushe ƙamas ya fi wanda ya kwana kafin a sa masa wuta, ko wanda ya sha damshi a buhu lokacin damina.

Sai miyar da ta kwana. Ɗumame abincinmu ne, kuma tuwon ba shi da laifi. Miyar ce abin lura idan akwai kifi ko nama a ciki, ta kwana a tukunya cikin zafin bazara. Tafasa ta da safe yana hana ta lalacewa, amma abin da ya taru cikin dare ba ya fita. Mai wannan matsala ta riƙa raba miyarta kafin ta sa kifi, ta sa a wadda za a ci yanzu kawai.

Daddawa, wadda matan karkara ke yi da kalwar ɗorawar da ta cika dazukanmu, sai ta yi kwanaki a rufe tana ruɓa kafin ta zama daddawa, don haka tana iya ɗaukar histamin. Haka kindirmo da nonon da ya yi kwanaki yana ƙara tsami, da kilishi ko dambun naman da ya daɗe a ajiye. Tumatir ma yana cikin jerin, musamman na gwangwani da na leda tunda an tattara shi wuri ɗaya.

Ba ana cewa waɗannan abinci ba su da kyau ba ne. Daddawa da nono da busasshen kifi su ne suka riƙe gidaje da yawa a shekarun da noma ya gagara saboda rashin tsaro a dajin Kamuku da kewaye, nama ya fi ƙarfin talaka. Ga mutum 99 cikin 100, alheri ne zalla. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abubuwa uku masu kama da juna

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci, domin rai na iya dogara a kansa.

Na farko, rashin jure histamin. Mutum ɗaya ne a gida ke fama, sauran lafiya. Alamun kan zo bayan cin abinci: jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai, toshewar hanci, kumburin ciki, gudawa, wani lokaci bugun zuciya. Yawan abin da aka ci shi ke kawo shi. Yana da takura amma yakan lafa.

Na biyu, gubar histamin daga kifi. A nan kusan duk wanda ya ci kifin nan zai ji a jikinsa, cikin 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu, ko da lafiyayye ne. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma da suka zauna a 2012 sun ce lafiyayyen mutum na iya jure har miligiram 50 a ci ɗaya, kifin da ya lalace kuwa yana iya ninka haka. Idan gida guda suka tashi da jan fuska da ciwon kai bayan cin kifi, ba sammu ba ne. A zubar da sauran, a je asibiti.

Na uku, alaji na gaske, inda garkuwar jiki ke yaƙar wani abinci, kamar gyaɗa, ƙwai, madara ko kifi. Shi ba ruwansa da yawa, ɗan kaɗan ya isa, kuma kusan duk lokacin da aka ci sai ya tashi. Shi ne mai kisa. Idan kin ga leɓe, harshe ko fuska na kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara ko da ƙyar, yaro ya yi laushi ko ya suma, to babu jira. Piriton ba zai tsayar da wannan ba, allurar adirenalin ake buƙata, kuma a asibiti take. Mutanen Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da sauran garuruwan da ke nesa da babban asibitin cikin gari, ku nufi cibiyar lafiya mafi kusa nan take, kada a ce bari gari ya waye.

Masu juna biyu da masu shan magani

Mata da yawa masu wannan matsala kan ji sauƙi idan suka samu ciki, domin mabiyiya tana samar da DAO mai yawan gaske. Bayan haihuwa sai abin ya dawo, daidai lokacin da ake cika mai jego da kilishi, busasshen kifi da yajin daddawa. Idan mai jego ta fara ƙaiƙayi da ciwon kai, a duba abin da ake ba ta, a koma ga sabon nama da kaza da aka yanka aka dafa a ranar.

Amma ƙaiƙayi ga mai tsohon ciki, musamman a tafin hannu da tafin ƙafa da dare ba tare da ƙuraje ba, kada a ɗora shi a kan abinci. Yana iya zama matsalar hanta da ke da haɗari ga jariri. A je awo a faɗa wa ma'aikata.

Wasu magunguna kuma suna raunana DAO. Wanda aka fi tabbatarwa shi ne isoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka. Mai shan sa ya yi hattara da Titus, tuna da duk kifin da ya daɗe. Sai dai ko kusa kada a daina shan maganin saboda haka, abincin za a gyara, a kuma sanar da ma'aikatan da ke ba da maganin.

Yadda za ki gano naki

Babu wani gwajin jini guda da zai tabbatar da wannan matsala shi kaɗai. Abin da ya fi aiki ba ya cin kuɗi: ɗan littafi da biro, ko wurin rubutu a wayarki.

Ki yi mako biyu kina rubuta duk abin da kika ci, da lokacin, da kuma ko sabo ne ko kwananne. Ki rubuta alamar da kika ji da lokacinta, da maganin da kike sha, da kwanakin al'adarki, domin wasu matan abin ya fi tsananta gab da zuwanta.

Daga nan, tare da shawarar likita ko ma'aikaciyar jinya, ki ajiye manyan waɗanda ake zargi na kwana 10 zuwa 14: kifin ƙanƙara da na gwangwani, busasshen kifi, kilishi, kindirmo, daddawa, tumatirin gwangwani, kwananniyar miya da kayan zaƙi masu rini. Ba za ki rasa abin ci ba. Ga tuwo, shinkafa, dankali, doya, sabon kunu, kuɓewa, kuka, zogale, kabewa, sabon nama da kaza.

Idan ba ki ga canji ba, to matsalarki ba histamin ba ce, ki koma cin abincinki a nemi wani dalilin. Ƙazuwa, tsutsar ciki, man shafawa mai sa haske, sabulu, har da maganin zazzaɓi irin su kulorokwin duk suna sa ƙaiƙayi. Idan kuwa kin ji sauƙi, sai ki riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, ki ba kowanne kwana biyu zuwa uku. A haka za ki san girman randarki. Yawanci za ki tarar abu biyu ko uku ne kawai ke damunki, sauran kina iya ci daidai gwargwado. Wannan gwajin na dawo da abinci ba na wanda ya taɓa kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi ba ne, shi nasa sai a gaban likita.

Game da magani, Piriton, loratadin da setirizin suna rage ƙaiƙayi, amma Piriton na sa barci, kuma mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Abin da nake roƙonku, 'yan'uwa, ku guji sayen deksametason ko firedinisolon a kemis kuna sha kullum saboda ƙaiƙayi. Suna kwantar da shi nan take, amma daɗewa a kansu na jawo hawan jini, ciwon sukari, kumburin fuska da raunin ƙashi.

Kada a hora yara da yunwa

Uwa mai tsoro na iya hana ɗanta kifi, nono, ƙwai da daddawa gaba ɗaya saboda ya taɓa yin ƙuraje sau ɗaya. A yankin da tamowa ke kwantar da yara, wannan ya fi ƙaiƙayin haɗari. Borin jini a wurin yara sau da yawa mura ko zazzaɓi ne ke tayar da shi, ba abinci ba. Kada ki cire wa yaro wani babban abinci na tsawon lokaci sai ma'aikacin lafiya ya duba shi, ya kuma faɗa miki abin da zai maye gurbinsa.

Abin da za ki iya cirewa ba tare da asarar komai ba shi ne jan ceri, alawa mai rini da lemon leda masu launi. In zaƙi yaro ke so, ga dabino, ga gwanda, ga kankana, ga ɗinya da kanya idan lokacinsu ya yi.

Ki sayi kifin ƙanƙara da safe yana da tauri, ki dafa shi da kin isa gida. Ki dafa miyar kifi daidai cin yini. Gwangwanin da aka buɗe a cinye shi a ranar. Idan kuma jikinki ya tashi bayan biki, kafin ki zargi kowa, ki zauna ki lissafa abin da ya shiga cikinki tun daga karin kumallo. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya mana zuri'a.